Yadda Na Turara Kofunan Mista Hari a Riyad

Tun da na dawo daga Riyad ban zauna a bakin shago na sha shayi cikin natsuwa ba. Wannan ya zo ya ce in ba shi labari, wancan ya zo ya ce ya ji wai an gan ni a gidan Bature tsakiyar kwalabe. Har Alhaji Bala mai yadi, wanda muka shekara talatin muna sahu ɗaya a masallaci, ya ja ni gefe ya ce, “Tsakaninka da Allah, ka ɗanɗana?” To, ban ɗanɗana ba. Amma tun da maganar ta fita, gara in rubuta ta sau ɗaya yadda ta faru, kowa ya karanta, in huta da maimaitawa.

Sana’ata turare, yau shekara arba’in da ɗoriya. Ita ta kai ni Omdurman da Njamena da Bombai da Dubai, a hanya kuma na tsinci Larabci da Turanci da Faransancin ciniki. Makka da Madina na je ba sau ɗaya ba, amma Riyad ban taɓa taka ta ba sai wannan karon. Abu biyu suka kai ni. Na farko sayen itacen ud, wanda ake turaren wuta da shi. Na biyu Isufu, ɗan ƙanwata Rabi da ke aure a Damagaram.

Isufu magidanci ne, ’ya’yansa biyar a gida. Shekara tara yana dafa wa ma’aikatan wani kamfanin gini abinci a Riyad, sai kamfanin ya rufe. A can baƙo ba ya zama sai da iƙama, wato katin zama, ita kuma iƙama ba ta tsayawa sai da kafili, mutumin da ya ɗauke ka aiki ya tsaya maka. Isufu ya samu wani Ba’amurke ma’aikacin jakadanci ya ɗauke shi gwaji na wata uku. In ya sa hannu a takarda, Isufu ya zauna. In bai sa ba, sai jirgi. Makon da na sauka shi ne na ƙarshen gwajin. Rabi ta ce mini a waya, “Yaya, kai ka iya bakinsu. Ka je ka gaishe da mutumin nan, ka sa baki.”

Ba baki kaɗai ta ɗora mini ba. Ta aiko da kilishi da yaji da kuka da daddawa, na haɗa da kwalaben humrata shida da nake son in nuna wa ’yan kasuwar can. Daga Kano muka yada zango a Adis Ababa, muka yi awa shida a kan kujerun ƙarfe. Wata dattijuwa ’yar Azare da za ta je wurin ’yarta ta riƙe gefen rigata tun daga nan, ta ce ba za ta sake ni ba sai ta ga an buga mata hatimi. Ko alwala zan je sai ta tsaya a bakin ƙofa tana gadina.

A filin jirgin Riyad jakata ta shiga na’ura, sai aka ce in dawo. Wani matashin jami’i ya zaro kwalba ɗaya ya ɗaga ta sama. Ruwa ne ja-ja a kwalbar da ba rubutu, kuma ƙasar da ake hukunta mutum a kan giya. Ya ce, “Ya Hajji, mene ne wannan?” Na ce masa da Larabci turaren matanmu ne, ya buɗe ya ji. Ya buɗe, ya shaƙa, fuskarsa ta saki, har ya kira abokin aikinsa shi ma ya ji. Da ya ga abin ya yi daɗi sai ya kai hannu kan ƙullin daddawa, ya kwance, ya kai hanci da irin wannan zumuɗin. Ya ja da baya taku biyu, ya dube ni ya ce, “Hajji, mutum ɗaya ne ya ɗauko wannan da wancan?” Na ce ɗaya na jiki ne, ɗaya na miya. Ya ɗaure da kansa, ya ce in tafi, Allah ya tsare.

Masaukina a Nasim ne, wata babbar unguwa a gabashin gari, a ɗakin da Isufu yake kwana ranar hutunsa. Su shida ne a ciki, direbobi da magina, ’yan Katsina da ’yan Maradi. Babbansu Malam Sale, direba ne da ya shekara ashirin a can, Hausarsa duk ta cakuɗe. “Yalla Alhaji, bismilla, akwai kabsa, ma fi tuwo yau,” haka ya tarbe ni, wato babu tuwo. Kabsa shinkafa ce da kaza a faranti ɗaya, kowa ya sa hannu. Da safe kuma wake ne dakakke da wani faffaɗan burodi mai zafi. Da aka kaɗa miyar kuka da daddawar Rabi a daren farko, wani magini ɗan Tasawa ya ci, ya tashi ya fita kiran matarsa a waya.

Garin kansa duk a haƙe yake, ana aikin jirgin ƙasa, hanyar da ka bi jiya yau an toshe ta. Da an kira salla sai ka ji ƙofofin shaguna suna sauka gaba ɗaya, ko kana tsakiyar ciniki. A Kano mai shago yakan bar maƙwabci ya duba masa, a Bombai ba wanda ya san an kira, a Riyad kuwa har mai sayar da man fetur rufewa yake. Na yi kwana uku ina yawo a shagunan turare na wajen Murabba. Sun iya karɓar baƙo: gahawa, dabino, sannan a zagayo da kaskon turare kowa ya jawo hayaƙi cikin rigarsa da gemunsa. Na sayi ud mai kyau, na ware gutsure mafi nauyi na ce wannan na maigidan Isufu ne.

Ranar Juma’a bayan an sauko masallaci Malam Sale ya kai ni Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Gari ne a cikin gari, da shinge da sojoji a ƙofa. Suka karɓi fasfona, suka leƙa ƙarƙashin mota da madubi, suka buga waya gidan kafin su bar mu. Malam Sale ya ajiye ni ya ce, “Alhaji, a nan dokar waje ba ta shigowa sosai. Abin da ka gani ka bar shi a nan.” Ban gane nufinsa ba sai daga baya.

Na tarar maigidan, Mista Hari, ya fita ɗauko baƙi. Isufu na kicin, tukunya uku a wuta, gumi har wuya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Kawu, ka zauna a falo ka huta. Mudir na da manyan baƙi uku da la’asar, ya ce yau ba ya son kuskure ko ɗaya.” Mudir suke ce wa maigida.

Na zauna na duba falon. Tsaf yake, amma ba ƙamshin komai, kamar ɗakin asibiti. A kan tebur an jera ƙananan kofunan gilashi goma sha biyu, masu faɗin ciki da tsukakken baki, uku-uku a gaban kowace kujera. Na ɗauka na shayi ne ko na ruwa. Sai na ce a raina, manyan baƙi za su shigo gidan da ɗan ƙanwar mai turare yake aiki, su tarar da shi haka salam? Na leƙa kicin na ce a ba ni garwashi. Isufu ya ɗebo mini a kasko daga wurin gashin nama, hankalinsa na kan miya, ya ce, “Kaɗan dai, Kawu.”

Na fasa udin nan na kyauta na ɗora. Na bi labule, na bi kujeru, na bi matasai. Da na zo kan tebur sai na tuna yadda iyayenmu mata ke turara randa ruwa ya yi daɗi, da yadda na sha ruwa a Omdurman a kofin da aka kifa kan hayaƙi. Na ɗauki kofunan nan ɗaya bayan ɗaya, na kifa kowanne a kan kasko har cikinsa ya yi fari da hayaƙi, na mayar wurinsa. Goma sha biyun duka. Na koma na zauna ina jin daɗin kaina.

Mista Hari ya shigo da baƙinsa, maza biyu da mace ɗaya. Dogo ne mai furfura, ya ba ni hannu da fara’a, ya ce ya ji labarina. Na ga ya ɗan ɗaga hanci ya dubi labule, sannan ya buɗe taga. Na koma kujerar da ke bakin kicin don in ba su wuri. Daga nan na ga ya buɗe wani kabad da makulli ya fito da kwalabe uku iri ɗaya, kowacce saura kaɗan a ciki. A lokacin na gane kofunan mene ne: na giya ne. Shi da kansa ya zuba, don Isufu ya gaya masa tun farko ba ya zubawa, ya kuma yarda.

Suka ɗaga kofi na farko, ba su sha ba, suka sa hanci. Suka ajiye, suka ɗauki na biyu, suka sa hanci. Matar ta yi tari. Ɗaya daga cikin mazan ya ce, “Hari, duka ukun ƙamshinsu ɗaya. Kamar na shiga shagon turare.” Mista Hari ya ɗauki wani kofi ya ɗaga shi wajen haske, ya ga ɗan dushin da hayaƙi ya bari. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Yusuf, zo.”

Isufu ya fito yana goge hannu. Mista Hari ya ce, “Me aka yi wa kofunan nan?” Isufu ya dubi kofin, ya dubi kaskon da na tura ƙarƙashin kujera, ya gane komai. Ko inda nake bai kalla ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ni ne, Mudir. Kuskurena ne. Ka yi haƙuri.”

Ku da kuke karantawa kun san dalili. Ɗa ba ya nuna kawunsa da yatsa a gaban baƙi, ko da abincin ’ya’yansa ne a kan tebur. Ni kuma na ga fuskar Mista Hari ta rufe, irin rufewar mai ciniki da ya gama yanke shawara. Na miƙe, gwiwoyina na ƙara, na ce da Turanci, “Ranka ya daɗe, ba shi ba ne. Ni na yi, da hannuna, yana kicin bai sani ba. A wurinmu haka ake girmama baƙo. Na zo in gyara masa ne, na ɓata.”

Mista Hari ya ce in matso in ga abin da na ɓata. Ya nuna mini kwalaben. Sunan abin burbon, wiski ne da ake yi da masara a jiharsu ta Kentaki. Ana zuba shi a sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta da wuta, a jera gangunan a wani dogon rumbu mai hawa-hawa, a bar su shekaru. Wanda ake sayarwa a kanti, in ji shi, gauraya ganguna masu yawa ake yi don ɗanɗano ya zama ɗaya kullum. Amma shi da abokansa sukan je rumbun da kansu, a buɗe musu ganguna kaɗan, su gwada, su yi gardama, su zaɓi guda, a ɗura musu ita kaɗai. Ya nuna mini lambar ganga da aka rubuta da hannu a wuyan kowace kwalba. Ya taɓa ta tsakiya ya ce, “Wannan da mahaifina muka zaɓe ta, shekarar da ya rasu. In ta ƙare, babu irinta a duniya.”

Abin da ke cikin kwalbar haramun ne a wurina, jiya da yau. Amma maganar ban ji ta baƙuwa ba. Na taɓa riƙe man ud na bishiya ɗaya tak daga Asam ta Indiya, wani yaron shago ya ƙara masa wani mai don kwalba ta cika, na yi kwana biyu ban ci abinci da daɗi ba. Na ce masa, “Wanda aka zuba ya tafi, ba ni da yadda zan dawo da shi. Amma saura na kwalba yana nan lafiya. Ka ba ni rabin awa.”

A nan sana’a ta yi rana. Hayaƙin ud danƙo ne, sabulu ba ya fitar da shi, sai dai ya ƙara nasa ƙamshin. Mu da sifirit muke wanke kwalba. Na ce wa Mista Hari wanda ya riga ya zuba ɗin ai shi ne sifirit, ya jujjuya shi a kowane kofi ya zubar. Ya yi, yana cije leɓe. Isufu ya ɗauraye da tafasasshen ruwa sau uku, ya kifa su a rana ba tare da tsumma ya taɓa ba. Na ce a fitar da tebur lambu, inda iska ke kaɗawa daga bayan gida. Na sa baƙin suka wanke fuska da hannu, na hana su kilishin da Isufu ya yanka, na ce ruwa kawai. Na nuna musu yadda muke yi in hanci ya gaji a kasuwa: ka shaƙi fatar hannunka, ka jira. Matar ta yi dariya ta ce ba ta taɓa zuwa liyafar da aka sa ta wanke fuska ba.

Da ya sake zubawa, ɗan kaɗan wannan karon, suka sa hanci, sai na ga kafaɗun Mista Hari sun sauka. Suka fara kurɓa kamar masu shan magani, suna juya shi a baki, suna rubutu a ’yar takarda. Sai ya juyo ya ce, “Alhaji, na san ba ka sha. Amma hancin da ya yi wannan ɓarna, ina son in ji abin da zai ce.”

Na ce ba zan riƙe ba, ba zan kai baki ba. Ya ajiye kofuna uku a gefen tebur, na sa hannuwana a baya, na sunkuya daga nesa kamar yadda nake yi wa turaren da ban yarda da mai shi ba. Da farko zafi ne kawai ke dukan hanci. In ka jira ya wuce sai abin da ke ƙasa ya taso. Na farko na ce masa alewar madara ce da aka bari ta ɗan kama tukunya. Na uku sauƙi gare shi, kamar ɓawon lemo da ɗanyen itace. Na tsakiya kuwa nauyi: dabinon da ya kwana biyu a buhu, da kanumfari, da ƙamshin tsohon akwatin katako. Na ce wannan ta tsakiya ta girmi sauran da shekaru masu yawa.

Ya ce na faɗi. Shekarunsu kusan ɗaya. Bambancin shi ne gangar tsakiya a hawa na sama ta zauna, kusa da kwanon rufi, inda zafi ke tura ruwan cikin katako ya fito da shi, ta ukun kuma a ƙasa ta zauna inda ke da sanyi. Masara ɗaya, hannu ɗaya, wurin zama kawai. Na ce haka ud yake, bishiya biyu a dutse ɗaya, ta gefen rana daban ta gefen inuwa daban. Baƙin suka kaure da gardama, matar na bayan ta uku, mazan na bayan ta farko, Mista Hari kuwa yana riƙe da ta tsakiya. Ni na koma gefe na yi la’asar a kan ciyawa, na yi istigfari, Isufu ya kawo mini shayi a kofin roba.

Da baƙi suka tafi Mista Hari ya kira mu. Ya ce wa Isufu, “Abu ɗaya ya dame ni, ba kofuna ba. Na tambaye ka, ka gaya mini abin da ba haka ba.” Na ce, “Ranka ya daɗe, a wurinku wannan ƙarya ce, na sani, na zauna da ku. A wurinmu da ya ce kawuna ne, da uwarsa ta ji, sai ta fi jin zafinsa a kan korar da za ka yi masa. Mutumin da ya yarda ya rasa aiki don kada tsoho ya ji kunya, ba zai sayar da kai a bayan idonka ba.” Mista Hari ya dubi Isufu. Ya ce, “Na ji. Amma a gidan nan, ko kawunka ne, ka gaya mini. Ka ja ni gefe in ba ka son a ji.” Isufu ya ce, “Na yarda, Mudir.” Maganar takarda bai ɗauko ta ba, mu ma ba mu tambaya ba. Na miƙa masa ragowar udin, ya karɓa da yatsa biyu kamar garwashi.

Asabar ta yi mana tsawo. A can Lahadi ce farkon mako. Ranar Lahadin da yamma muna zaune a ɗakin Nasim, sai ga Isufu, ba ranar hutunsa ba. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zaro takarda daga aljihun gaba ya ajiye a kan tabarma. Sa hannu da hatimi. Malam Sale ya ɗauka ya juya ta, ya ce, “Mabruk! Wallahi Alhaji, da ka turara kwalaben ma, da yanzu mu bakwai muna neman tikiti.” Aka aika aka sayo kaza biyu.

Ranar da zan taso Isufu ya raka ni filin jirgi, ya ɗaukar mini jaka har inda ake tsayar da masu rakiya. Ya durƙusa, na sa masa albarka. Na ce in Allah ya kai mu baɗi zan dawo sayayya, zan kuma shiga in sake gaishe da maigidansa. Ya murza hularsa. Sannan ya ce, “Kawu, Allah ya kawo ka lafiya. Amma Mudir, ka gaishe shi ta waya.”